Shiga ƙungiyar masu kwamfuta a Sakkwato: abin da za ka tarar, da shirin da za ka yi kafin ka je

Ɗakin aji ne da aka ara, ko bayan wani shagon buga takardu. Teburi biyu, soket mai baki shida a ƙasa wayoyin caja sun yi masa rumfa, janareta na ƙugi a waje. Wani ya kifa kwamfuta yana kwance kusoshinta yana tara su a murfin kwalba, wasu uku sun duƙa a kan allo guda suna gardama. Galibin zaman ƙungiyar masu amfani da kwamfuta haka yake. Babu malami a gaban allo, babu takardar shaida a ƙarshe, kuma ba shagon gyara ba ne da za ka ajiye na'ura ka dawo da La'asar ka karɓa. Mutane ne da kowa ya san wani abu, suka haɗu suna cike wa juna giɓi.

Tsarin ya girmi kwamfutar da ke cinyarka. A 1955 ma'aikatan da ke aiki da manyan injunan IBM a Amurka suka kafa ƙungiyar SHARE don musayar manhajojin da suka rubuta. A watan Maris na 1975 aka fara zaman Homebrew Computer Club a garejin wani gida a Kalifoniya, kuma a can ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutar farko ta Apple. Ƙa'idar da suka bari ita ce har yau ake bi: wanda ya zo da shiri ya fi tafiya da riba.

Inda ake samunsu, da waɗanda ba su ba ne

A Sakkwato fara da makarantu. Sassan da ke koyar da ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ne matattarar masu wannan harka, kuma ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta NACOS ita ce ƙofar da ta fi kusa ga ɗalibi. Akwai kuma tarukan masu rubuta manhaja da ake yi da sunan Google Developer Groups, da masu rubutu a Wikipedia ta Hausa da kan shirya zaman horo. Wanda ba ɗalibi ba ya tambayi masu gyaran kwamfuta na unguwarsu; sun san wa ke tara mutane.

Kafin ka ba da sunanka ka tambayi abu uku: me aka yi a zama biyu da suka wuce, nawa ake bayarwa, kuma na mene ne. Karo-karon man janareta da ruwan sha abu ne da aka saba, ka zo da naka ba sai an roƙa ba. Amma idan aka ce kuɗin rajista ne da zai ninka idan ka kawo mutum biyu, ka sa takalminka. Haka wurin da ake alfaharin koyar da buɗe Facebook ko WhatsApp ɗin wani: dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'ura ko asusun mutum ba da izininsa ba, kuma "koyo nake" ba ya fitar da kowa.

Ka san na'urarka kafin ka buɗe baki

Tambayar farko da za a yi maka ita ce "wace iri ce?" Amsar "HP ce baƙa" ba ta kai ko'ina. Tun a gida ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka kwafe abu biyar a takarda: cikakken sunan samfurin, sunan firosesa da lambarsa, yawan RAM, wace Windows ce, da abin da aka rubuta a layin BIOS Mode, wato UEFI ko Legacy. Wannan na ƙarshen zai yi amfani nan gaba. Sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton da zai fito yana nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Idan ya sauka ƙasa da rabi, ka zauna kusa da soket, kuma ka faɗa tun kafin a fara wani aiki a kanta.

Zaman farko na saurare ne. Ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi sunanka da abin da kake yi da kwamfuta da abin da kake son koya, jimla uku sun isa. Za ka ji kalmomin da ba ka gane ba; rubuta su, ka tambayi na kusa da kai idan an tashi salla. Za ka kuma ji gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin mutanen Windows da na Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sakawa a madadin Windows ko a gefenta. Ba sai ka zaɓi ɓangare ba.

Yadda ake tambaya a amsa

Nan ne sababbi suka fi yin asara. Ga yadda abin kan kasance:

"Malam, kwamfutata ta lalace, don Allah a taimaka."
"Mi ta yi?"
"Ba ta yi ne kawai."

Daga nan sai an yi tambaya goma kafin a kai ga bakin zaren, kuma mai taimakon yana da mutum huɗu suna jiransa. Kwatanta da wannan: "Malam, HP EliteBook 840 G3 ce, Windows 10, RAM 8. Tun shigowar zafi take mutuwa da kanta bayan kamar minti 20 idan ina kallon bidiyo, fankarta na ihu, gefen hagu ba ya taɓuwa. Na canza caja, bai hana ba." Wanda ya san aiki ya riga ya gano kafin ka rufe baki. Ƙurar hunturu ta toshe fanka da ramukan iska, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan, firosesa kuma idan ya doshi digiri 100 yakan rage gudu, in abin ya ƙi ya kashe kansa don kada ya ƙone. Magani shi ne a buɗe, a riƙe fankar da yatsa a hure ƙurar, a goge busasshen man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi a sa sabo kamar ƙwayar gero biyu, sannan a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma.

Tambaya mai kyau tana ɗauke da abu huɗu: me kake son yi, me ka yi, me ya faru, me ya canza kafin matsalar ta fara. Idan akwai saƙon kuskure kada ka fassara shi da ka, kada ka ce "wani rubutu ya fito". Ɗauki hotonsa da waya ko ka danna Windows, Shift da S tare. Lamba irin 0x800F081F ba ado ba ce, da ita ake nemo maganin. Kuma ka faɗi gaskiyar abin da ka taɓa. Wanda ya ɓoye cewa ya saka manhajar sata daren jiya yana sa mutane haƙa rijiya a inda babu ruwa.

Idan aka ce maka "ka bincika tukuna", ba wulaƙanci ba ne. Ana so ka dawo da "na gwada kaza da kaza", don a ɗora daga nan.

Ranar saka Linux

Kusan kowace ƙungiya tana ware ranar da za a saka wa masu so Linux, kuma a ranar ce ake yin ɓarnar da ta fi ciwo. Bukatar ta ƙaru tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, da firosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa, alhali da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ke yawo a kasuwa na zubi na 4 zuwa na 7 ne. Linux, da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yana tafiya lafiya a kansu. Linux iri-iri ne, Ubuntu da Linux Mint su aka fi ba sabon shiga. Ubuntu na fitar da bugu mai dogon tallafi duk shekara biyu a watan Afrilu, kamar 24.04, ana kula da shi shekara 5. Irinsa za ka nema.

Mataki na farko ba na hannu ba ne, na tunani ne. CorelDRAW, Photoshop, AutoCAD da Microsoft Office da ake sakawa a na'ura ba su da bugun Linux. Idan abincinka yana cikin zana katin biki da kalanda a CorelDRAW, kada wani mai zumuɗi ya sa ka goge Windows. Ka ajiye su biyun a na'ura ɗaya, ka riƙa zaɓa lokacin kunnawa.

Na biyu, kwafe kayanka. Wannan a gida ake yinsa, ba a wurin taro ba. Kundin digiri, hotuna, takardun aiki, duk abin da ke Desktop, Documents da Downloads, a kai su wani faifan ajiya na waje. Bayan ka kwafe, cire shi, sa a wata kwamfutar, buɗe fayil biyar ko shida ka gani da idonka. Dalili kuwa shi ne jabun filashi sun yi yawa: an rubuta gigabait 64 a jiki, cikin kuwa 8 ne, zai karɓi kaya ba musu amma abin da ya haura 8 ɗin ya tafi. Ƙaramar manhajar H2testw tana tona asirinsa. Idan fayil ɗaya ya haura gigabait 4 ya ƙi shiga, filashin na tsarin FAT32 ne, sai a mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma mayarwar tana goge abin da ke ciki. Idan kuma filashin ya taɓa zuwa shagon buga takardu ka ga foldoji sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya, kada ka danna su. Kayanka na nan, ɓoye su bairos ya yi. Umarnin attrib -h -r -s /s /d E:\*.* yana fito da su, ka sa harafin filashinka a madadin E.

Na uku, BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba. Da zarar an taɓa saitin BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunnawa kafin Windows ta tashi, Windows na iya tsayawa a shuɗin allo tana neman mabuɗi mai lamba 48. Babu wanda ke cikin ɗakin da zai iya fasa shi. Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka rubuta manage-bde -status. In a kunne yake, nemo mabuɗin a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda, sannan ka kashe kullen gaba ɗaya tun kwana ɗaya kafin taron, domin warwarewar na iya cin sa'o'i. Ka kuma gwada shiga BIOS tun a gida. Kwamfutocin hannu da suka fito daga kamfanonin waje wani lokaci sukan zo da kalmar sirri a nan, kuma wannan magana ce tsakaninka da wanda ya sayar maka.

Na huɗu, kashe Fast Startup a saitin wuta na Control Panel. Idan yana kunne Windows ba ta mutuwa sosai, barci take yi riƙe da faifan, Linux kuma ba zai iya rubutu a ɓangarenta ba.

Na biyar, yanka wa baƙo, wato Linux, fili a faifai. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta diskmgmt.msc, danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume. Ubuntu na neman aƙalla gigabait 25, amma wannan na shiga ne kawai. Ba shi 60 in kana da hali. Bar filin haka nan ba tare da ka yi masa komai ba. A tsofaffin na'urori masu tsarin MBR manyan yankuna huɗu kaɗai faifai ke ɗauka, kuma wasu HP sukan zo da huɗun a cike. In ka ƙirga ka ga huɗu, tsaya, wannan aikin na wanda ya saba ne.

Fayil ɗin sakawa ba sai kowa ya ƙona datarsa ba. Na Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait 6, na Mint kusan 3. Mutum ɗaya ya sauke, a tabbatar bai gutsure ba ta hanyar certutil -hashfile sunan fayil SHA256 a gwada lambar da ta shafin masu shi, saura su kwafa. Zo da filashi mai gigabait 16 wanda babu komai a ciki, domin Rufus, manhajar da ke ɗora fayil ɗin a filashi, share shi yake yi tas. Takwaransa Ventoy ya fi dacewa da taro: sau ɗaya ake shirya filashin, sai a riƙa jefa fayilolin Linux iri-iri a ciki.

Sai kunnawa daga filashi. A HP danna F9 da zarar ka kunna, a Dell da Lenovo F12, a Asus Esc. Idan sunan filashin ya fito sau biyu, zaɓi wanda ya dace da abin da ka kwafa daga msinfo32: Windows ta UEFI, Linux ma ta UEFI. Saɓanin haka ne ke sa a gama aiki lafiya amma ɗayansu ya ɓace daga jerin zaɓi. Kada ka yi gaggawar sakawa. Zaɓi gwaji tukuna, Linux zai tashi daga filashin ba tare da ya taɓa faifanka ba. Gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, hasken allo da madannai. Minti goma a nan sun fi kwana uku na da-na-sani.

Idan manhajar sakawa ta ce ba ta ga faifai ba ko ta ambaci Intel RST, za a ce a mayar da saitin faifai zuwa AHCI a BIOS. Gaskiya ne, amma in aka yi kai tsaye Windows za ta ƙi tashi da saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Tsarin shi ne a shiga msconfig a kunna Safe boot, a sake kunnawa a canza zuwa AHCI, a bar Windows ta tashi sau ɗaya a haka ta ɗauki direban da ya dace, sannan a cire Safe boot.

Allon da ya fi kowanne haɗari shi ne mai tambayar inda za a saka. Zaɓi ɗaya na cewa a saka gefen Windows, ɗaya na cewa a goge faifan baki ɗaya, kuma layi ɗaya ne tsakaninsu. Ƙungiyar da ta san abin da take yi tana da doka a nan: mai kwamfuta ne zai karanta zaɓin da ƙarfi, shi zai danna da hannunsa. Kafin ka danna, dubi batir ka tambayi mai kula da janareta ko man zai kai. Sakawar kan ɗauki minti 15 zuwa 40 gwargwadon faifai, kuma yankewar wuta lokacin da ake yanka faifai ita ce ke cin kaya. Sabunta BIOS kuwa kada a fara shi sam in batir ba shi da ƙarfi, don in ya katse na'urar ba za ta ko kawo haske ba.

Abubuwan da za su biyo ka gida

Agogo zai rikice. Ka fita daga Linux ka shiga Windows sai ka ga tana baya da awa ɗaya cif, wanda ya dogara da ita don lokacin Azahar ya shiga uku. Linux yana ajiye agogon na'ura a lokacin duniya na UTC, Windows na ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, Najeriya kuma tana gaban UTC da awa ɗaya. A Linux buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ka gyara agogon Windows sau ɗaya, shi ke nan.

Wi-Fi na iya ƙin fitowa, musamman a na'urori masu katin Broadcom. Haɗa wayarka da kebul, kunna raba intanet ta USB, buɗe Additional Drivers a Ubuntu ko Driver Manager a Mint ka saka direban. Sabuntawar farko tana cin ɗaruruwan megabait, gara a yi ta a wurin taro in akwai intanet na haɗaka. Idan na'ura ta riƙa zarcewa Windows ba ta tambaye ka ba, shiga BIOS ka ɗaga Ubuntu sama a jerin tashi.

Takardar Word da aka buɗe a LibreOffice takan zame, shafi 40 ya koma 42, saboda babu rubutun Calibri. Saka Carlito, faɗin haruffansu ɗaya. Abin da za ka kai wa malami ko shagon bugawa kuwa mayar da shi PDF tukuna. Don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ƙara madannan Hausa a saitin allon rubutu. A Ubuntu, kamar a Windows, maɓallin Windows da Space ke sauya harshe.

Amana

Kwamfuta ɗaki ce, akwai hotunan iyali da saƙonnin banki. Kalmar sirri kai za ka rubuta da hannunka, mai taimako na ƙwarai kuma yakan kau da kai ba sai an ce masa ba. Zauna kusa da na'urarka har a gama. Kada ka bar ta ta kwana wurin wanda yau ka fara ganinsa. Mata da ke zuwa su riƙe wannan da kyau, kuma babu laifi a ce "Yaya, nuna mini in yi da kaina." Duk umarnin da aka ba ka mai farawa da sudo, tambayi me yake yi kafin ka danna Enter, domin da shi kake ba da izinin taɓa komai. Umarnin rm -rf yana gogewa ba tare da ya ajiye a kwandon shara ba, umarnin dd kuma in aka kuskure harafi ɗaya faifanka zai rubuce a maimakon filashi.

Ka ware ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da aka canza a na'urar da ranar da aka yi: an kashe BitLocker, an koma AHCI, an yanka gigabait 60. Wata shida nan gaba, idan wani abu ya taso, shi za a fara tambaya. Idan shawarar da aka ba ka ta yi aiki, dawo zama na gaba ka faɗi wacce ce a cikin waɗanda aka ba ka, domin akwai mai irin EliteBook ɗinka a bayanka. Gudummawar sabon shiga ba ta wuce wannan ba, sai ɗan abin hannu: soket mai baki da yawa wanda fis ɗinsa ke aiki, ƙaramin sukundireba mai kan tauraro, ko filashin Ventoy da ka riga ka gwada a na'ura biyu.